Ya buga ta ne, ko ita ta buge shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga saƙonni sun taru tun jiya a kan tambayar da ɗan'uwanmu ya jefo, cewa idan ɗan gaba yana satar gida, aka ba shi fasin, sai ƙwallon ta taɓa ɗan baya kafin ta iso gare shi, shin taɓawar nan ta wanke shi ko ba ta wanke shi ba. Rubutu zai yi yawa, shi ya sa na ce bari in yi murya, ku yi haƙuri da tsawonta.

To ɗan'uwa, kai ka ce da zarar ta taɓa ɗan baya an gama magana, babu satar gida. Babban yayanmu kuma ya ce sam, tuta ce kawai. Kowannenku ya kama wani ɓangare ne ya saki wani. Alƙalin wasa ba ya tambayar kansa ko ta taɓa ɗan baya. Abin da yake tambaya shi ne, ɗan bayan nan shi ya buga ƙwallon, ko ita ce ta buge shi?

Bari in fara daga tushe. Ana auna satar gida ne a daidai lokacin da abokin wasanka ya taɓa ƙwallo, ba lokacin da ta iso ƙafarka ba. In a wannan lokacin kana cikin rabin filin abokan hamayya, kuma ka fi ƙwallo da mutum na biyun ƙarshe kusa da layin raga, to kana wurin satar gida. Ku lura, mutum na biyun ƙarshe na ce, ban ce ɗan baya na ƙarshe ba, zan dawo kan wannan. Da kai da jiki da ƙafa ake aunawa, ban da hannu. Wannan duk yana cikin doka ta 11 ta hukumar IFAB, wadda ita ke rubuta dokokin ƙwallo tun 1886.

Yanzu an saki fasin kana wurin satar gida, ƙwallo ta zo da gudu ta daki gwiwar ɗan baya, ko cinyarsa, ko bayansa, ta karkato ta faɗo gabanka. Ba ka tsira ba. Dokar ta ɗauki gwiwar nan kamar turken raga ne ko sandar sama, ko ma jikin alƙalin wasa. Ƙwallon har yanzu ta abokin wasanka ce, don haka za a ɗaga tuta, a ba su bugun tazara wanda ba a ci da shi kai tsaye.

Amma in ɗan bayan ya ga ƙwallo tana tahowa, ya daidaita jikinsa, ya kai mata ƙafa ko kai da niyyar ya fitar da ita, ko ya tare ta, ko ya miƙa wa nasa, sai ya yi kwaɓa ta zame ta zo gare ka, to wannan kyauta ce ya ba ka, ka ci abinka. Kuskurensa ba ya soke cewa da gangan ya buga. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, suna cewa ai ba ɗan gaban ya yi niyyar bai wa ba. Ku tuna wasan Liverpool da Tottenham a Anfield, Fabrairun 2018. Kane na Tottenham yana satar gida ƙarara lokacin da aka saki fasin, Lovren ɗan bayan Liverpool ya ɗaga ƙafa zai share ƙwallo, ya goge ta kawai ta wuce wurin Kane, gola Karius ya kayar da shi aka busa fenariti. Alƙali ya je ya yi doguwar magana da mai tuta a bakin layi, ƙarshe aka bar fenariti, don an ɗauka Lovren bugawa ya yi. Karius ma ya tare fenaritin, amma wannan wani zance ne.

Wadda ta fi tayar da ƙura ita ce ta Mbappé, wasan ƙarshe na Nations League a birnin Milan, Oktoban 2021, Faransa da Sifaniya. Theo Hernández ya zura ƙwallo, Mbappé yana gaban kowa. Eric García, ɗan bayan Sifaniya, ya miƙe ƙafa iya tsawonta yana neman ya tare, ɗan taɓawa ya yi, ko hanyarta ba ta sauya sosai ba. Mbappé ya ɗauka ya zura a raga, aka bar cin, Faransa ta ɗauki kofi da 2-1. A fassarar wancan lokacin hukuncin ya yi daidai, amma ni dai ban ga adalci a ciki ba. Me ya sa yaron ya miƙa ƙafa tun farko? Saboda akwai mutum a bayansa. Wato wanda ya saci gida shi ya jawo taɓawar, kuma shi ya ci ribarta. Da García ya tsaya ya zuba ido da an busa. Ka ga ana koya wa ɗan baya ke nan kada ya yi aikinsa.

Shi ya sa a Yulin 2022 IFAB ta fito da bayani a kan abin da ake nufi da bugawa da gangan, daga baya aka shigar da shi cikin littafin doka na kakar 2023/24. Yanzu ba a tsayawa kan cewa ya kai ƙafa kawai, sai an duba ko yana da iko da ƙwallon. Daga nesa ta taho kuma yana kallon ta? Da gudu ta zo ko a hankali? Ta inda yake tsammani ta ɓullo? Ya samu sararin daidaita jikinsa, ko firgigit ya yi ya miƙa ƙafa ko ya yi tsalle? Har ma suka ce ƙwallon da ke mirginawa a ƙasa ta fi ta sama sauƙin sarrafawa. Da wannan ma'auni, irin miƙewar García yanzu tuta ce za a fi tsammani.

Sai ta Benzema a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, Mayun 2022 a Faransa, Real Madrid da Liverpool, dab da tafiya hutun rabin lokaci. An yi cakwakiya a gaban raga, Valverde ya taɓa ƙwallo, ta bi ta jikin Konaté da Fabinho na Liverpool ta faɗo gaban Benzema ya zura. Aka daɗe ana duba VAR, aka ce babu ci, don ƙwallon ce ta daki Fabinho, ba shi ya buga ta ba. Wasu suna ta cewa ai ga Robertson can a bayan Benzema. E, yana nan, amma shi kaɗai ne, gola Alisson ya riga ya fito gaba. Mutum biyu ake buƙata, ko da gola a ciki ko babu.

Akwai kuma abin da ko da gangan aka yi ba ya wanke ka, wato ceton raga. Abokinka ya buga shot kana satar gida, gola ya doke ta ta dawo gabanka, ko ɗan baya ya tare ta a kan layi ko dab da raga. Da niyya suka yi, amma ceto ne, kana taɓa ta za a busa.

In kuwa jikin abokin wasanka ta daka a hanya, lissafi daban ne. Nan babu ruwan doka da ganganci, taɓawa kawai ta isa a sake aunawa daga wannan lokacin. Kana iya kasancewa lafiya lau lokacin da aka buga ta farko, ka ruga gaba, ta goge gashin kan naku, sai ka wayi gari a satar gida. Bugun kwana da jifa da bugun gola babu satar gida in kai tsaye ta zo maka, amma da zarar wani naku ya sa mata kai a hanya, an buɗe sabon lissafi.

Ɗan'uwa, in kana da bidiyon da ya jawo gardamar, turo shi nan, mu duba nisan da ƙwallon ta yi kafin ta isa ga ɗan bayan, da yadda ƙafarsa ta fita.