Tambayi Likita: Man CBD da Ciwon Damuwa

Tambaya: Likita, na ga ana tallar wani mai a Facebook wai shi CBD, an ce daga tabar wiwi ake tatso shi, kuma yana yaye ciwon damuwa. Ta yaya abin da muka sani da haukata mutane zai koma maganin ƙwaƙwalwa? Ɗalibi daga Runjin Sambo.

Amsa: Ɗana, ganyen wiwi na ɗauke da sinadarai 'yan gida ɗaya sama da 100. THC shi ke bugarwa. CBD, wato kanabidiyol, ba ya sa maye. A 1940 aka fara ware shi a Amurka, a 1963 kuma Raphael Mechoulam na Isra'ila ya gano ƙirarsa.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da sinadarai suke aika wa juna saƙo, kowane saƙo da mazauninsa, kamar makulli da kwaɗo. Sirotonin na cikin saƙonnin da ke daidaita yanayin zuciya, da barci, da cin abinci. Alamu sun nuna CBD na taɓa wani mazaunin sirotonin mai suna 5-HT1A. Hujjar masana ita ce da suka toshe wannan mazauni a jikin ɓeraye, sai tasirin CBD ɗin ya ɓace. Bayan haka, jikinmu da kansa yana yin wani sinadari, anandamayid, mai taimakawa wajen saukar da fargaba, kuma ana ganin CBD na rage saurin lalacewarsa. Hanyar aikinsa da ta fi burge ni ita ce ta uku. Masu bincike daga Barazil da Danmak sun ba ɓeraye CBD sau ɗaya tak, suka ga ƙaruwar BDNF, sinadarin da ke sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa fitar da sabbin rassa, waɗanda doguwar damuwa kan tsumburar da su. Tasirin ya zo da wuri, ya kai mako guda.

Amma dubi yadda ake awon. Ana jefa ɓera a cikin tulun gilashi mai ruwa, a ƙirga daƙiƙun da zai yi yana fafutuka kafin ya saki jiki yana yawo a saman ruwan. In ya daɗe yana iyo, sai a ce magani ya ci. Tsakanin wannan da magidancin da ya yi wata uku ba ya jin daɗin komai, ya daina fita kasuwa, yana farkawa tun kafin assalatu da ƙunci a ƙirji, akwai tazara mai yawa. Gwajin da aka yi wa mutane kan ciwon damuwa kaɗan ne, kuma bai isa likita ya rubuta shi ba.

Tambaya: Ɗana yana karɓar maganin damuwa mai suna fluoxetine a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, yau mako 3 ban ga canji ba. Ƙanena da ke Ingila ya ce zai aiko da man CBD. Mu ajiye na asibitin? Uwa daga Mabera.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ku ajiye. Irin wannan magani yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa sosai, kuma yanke shi kwatsam na iya mayar da hannun agogo baya. Ku koma ranar da aka ba ku, ki faɗa wa likitan duk abin da kika lura da shi game da barcinsa da cin abincinsa. In da buƙata zai ƙara ko ya sauya.

Maganin CBD da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, Epidiolex, na wasu nau'o'in farfaɗiya ne masu tsanani da ke farawa tun ƙuruciya. Ko shi yana kawo yawan barci, da zawo, da rashin cin abinci, yana kuma iya taɓa hanta. Hantar ce ke narkar da magunguna da dama, don haka CBD na iya sa wani magani ya taru a jini fiye da kima. Na kasuwa kuwa sai a hankali: a 2017 an auna kayan CBD 84 da aka saya ta intanet a Amurka, kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka dace da abin da aka rubuta a jikin kwalba, 18 kuma akwai THC a ciki. Ga kuma doka. Wiwi haramun ce a Najeriya, kunshin da aka aiko yana iya haɗa ku da jami'an NDLEA. Ki yi wa ƙanenki godiya, ki ce ya taimaka da kuɗin magani da na mota zuwa Kware.

Tambaya: Abokina ya ce tunda akwai CBD a wiwi, shanta ma magani ne. Kwanan nan yana yawan cewa ya gaji da duniya. Matashi daga Wamakko.

Amsa: Malam, wiwin da ake busawa THC ne ya rinjaye ta, kuma yana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya. Sauƙin da yake ji na ɗan lokaci ne.

Maganar gajiya da duniya ta fi tayar mini da hankali. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce eh, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga ɗakinsa, ka sanar da wani babba a gidansu, ku kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kware a yau ɗin nan.