AMI ɗin Magento ya ƙi hawa t4g, faifai kuma ya cika

Ɗan'uwa na Garwa, in na fahimce ka da kyau, ka ɗauko AMI ɗin Magento (wato kwafin saba da aka riga aka haɗa, da Magento, manhajar kantin intanet, a cikinsa) a AWS, wurin hayar saba na Amazon, don kantin atamfofinka, ya ƙi hawa t4g (wani nau'in sabar AWS), da ka sa shi a wata sabar kuma faifai ya cika da hotuna.

Ta farkon ba laifin AMI ɗin ba ne. Ita t4g firosesa ɗin Graviton gare ta, wato ƙirar ARM, shi kuwa AMI ɗinka na ƙirar x86 ne, ba sa haɗa hanya ko kaɗan. Koma sabar t3 kawai, ita x86 ce. Amma kar arha ta ja ka zuwa ƙaramarta da ake kira micro, giga 1 na RAM gare ta, shi kuwa Magento 2.4 da OpenSearch ɗinsa (manhajar binciken kaya) mayunwaci ne wallahi, ni dai ƙasa da giga 4 ba na ba da shawara.

Faifan EBS kuma, wato faifan ajiyar sabar, ana ƙara shi amma ba a rage shi, don haka kar ka zabga da yawa, kuɗi ne duk wata. Inda mutane ke kuskure, sai su ƙara a shafin AWS su zauna suna mamakin wuri bai ƙaru ba, alhali sai an shiga cikin sabar an ba da umarnin growpart sannan resize2fs, ko xfs_growfs in tsarin faifan XFS ne. Ɗauki snapshot, wato kwafin faifan na ajiya, tukuna.

In odar kwastomomi na ciki kuma ba ka saba da SSH ba (hanyar shiga sabar daga nesa), nemi wanda ya iya Linux ya zauna kusa da kai, ko da za ka biya shi 'yan sefa.