Anti, in zuba kuɗin keken ɗinkina a kasuwancin netwok?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu. Na koyi ɗinki, kuma na daɗe ina tara kuɗi don in sayi keke nawa na kaina. Ana nan sai yayar mijina ta kai ni taron wani kamfani mai sayar da ƙwayoyin ƙarin lafiya da man shafawa. An ce in yi rajista in sayi kwalin farko na kaya, kowane wata in ƙara saye har in cika makin da aka yanka, sannan in kawo mutum biyar su shiga a ƙarƙashina. Duk abin da suka saya ina da kamasho, haka ma waɗanda su suka kawo. An nuna mana wata mata da aka miƙa wa mukullin mota. Kuɗin shigar ya kusa cinye duk abin da na tara. Yaya ta ce wanda ya riga shiga shi ke kwasar riba, ni kuma ina jin nauyinta ƙwarai. Anti, akwai ci a wannan harka? Kuma halas ce?

Daga wata mai karatu

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa wa yaran albarka. Ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki sayi kekenki. Amma tunda kuɗin guminki ne, kuma za ki koma ki zauna gaban yayar mijinki, ya kamata ki san dalili, don ki iya tsayawa a kan maganarki ba tare da kin ce "Anti ce ta hana ni" ba.

Na yi shekaru ina riƙe wa masu ƙananan sana'o'i littafin shiga da fita, kuma duk sana'ar da aka kawo mini, tambaya ɗaya nake fara yi: kuɗin daga aljihun wa yake fitowa? A ɗinki amsar a fili take. Mace ta kawo yadi, kin ɗinka, ta biya ki, ta tafi da rigarta tana murna. Ba ta da buƙatar zama tela kafin ki sami ladanki. To sake karanta wasiƙarki. Wa aka ce zai sayi kwalin farko? Ke. Wa zai riƙa saye duk wata don kada maki ya faɗi? Ke. Kamashon da aka yi miki alkawari daga ina zai zo? Daga mutum biyar da su ma za su riƙa saye duk wata. Ban ga inda kika ambaci mai saye na waje ba, wanda yake son man don kansa, ba ya neman matsayi, ba ya jiran mota. Idan a taron ma an wuce maganarsa da sauri aka daɗe a kan mukulli, to ke ce kwastoman kamfanin, ana kiranki 'yar kasuwa ne kawai don ki ji daɗin saye.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafin mutum biyar ɗin nan. Ke kin kawo 5. Kowannensu ya kawo biyar, sun zama 25. Hawa na uku 125, na huɗu 625, na biyar 3,125. A hawa na goma an doshi mutum miliyan 10. A na 14 ana buƙatar sama da biliyan 6, na 15 kuwa sama da biliyan 30, alhali mutanen duniya duka, da jarirai da tsofaffi, a shekarar 2022 suka cika biliyan 8. Ba sai an je can ba ma. A kowane hawa aka tsaya, wajen kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka shiga suna layin ƙarshe ne, ba kowa a ƙarƙashinsu. Wannan ba ragwancinsu ba ne, haka tsarin yake. Saboda haka Yaya ta faɗi gaskiya da ta ce wanda ya riga shi ke kwasa. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, duk wanda aka gayyato shi babban ɗakin taro yana kallon ana raba mota, an daɗe da riga shi. Akwai kuma wani abu da ban taɓa gani a wata sana'a ba: ke da hannunki za ki ɗauko ƙawayenki biyar, waɗanda da su ne za su sayi manki, ki mai da su masu sayar da irin man, a cikin mutanen da kuka sani tare.

Kada ki ɗauka zato ne nawa. Harkar nan tsohuwa ce, kuma a Amurka ta yi ƙarfi. An kafa kamfanin Amway a 1959, kuma a 1979 hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta yanke cewa tsarinsa bai zama damfara ba. Hujjar ita ce wasu ƙa'idoji da kamfanin ya ce yana bi: wakili ya sayar da aƙalla kashi 70 cikin 100 na kayan da ya ɗauka, ya sayar wa masu saye daban-daban guda goma a wata, kuma a karɓi kayan da suka yi kwantai a mayar masa da kuɗi. Kin ga duk ƙa'idojin a kan mai saye na gaskiya suka tsaya. A 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 200 don sasantawa da wannan hukuma, aka kuma tilasta masa ya gyara tsarinsa yadda lada zai dogara da cinikin da aka tabbatar an yi. A 2019 kamfanin AdvoCare ya amince da biyan dala miliyan 150, aka hana shi irin wannan kasuwanci gaba ɗaya. Hukumar ta ce a 2016 sama da kashi 72 cikin 100 na wakilansa ba su sami ko sisi daga kamfanin ba. A 2024 ma'aikatan hukumar suka duba takardun samun kuɗi na kamfanoni 70, waɗanda kamfanonin da kansu suka wallafa, suka tarar yawancin wakilai dala 1,000 ko ƙasa da haka suke samu a shekara, kuma galibin takardun ba su cire abin da wakilin ya kashe ba. China kuwa a 1998 ta haramta harkar ɗungurungum, da ta sassauta a 2005 sai ta bar sayar da kaya kai-tsaye amma ta hana biyan lada hawa-hawa.

Maganar abin da aka kashe ita ce ta fi ci mini rai, don nan ne mata ke yaudarar kansu ba su sani ba. Wata ta taɓa kawo mini littafinta tana murna, ta rubuta duk kamashon da ya shigo mata, wata bayan wata. Na ce ina shafin fita? Babu. Muka zauna muka rubuta: sayen wata-wata, kuɗin mota zuwa taro, tikitin horo, data, kayan da ta raba kyauta don a gwada, da waɗanda ta bayar bashi aka ƙi biya. Sannan ta buɗe mini sif, kwalaye jere, wasu kwanan watansu ya wuce. Ba don ana nema ta saye su ba, don kada matsayinta ya sauka ne. Ita ma mutuniyar kirki ce mai ƙwazo, ba ta raina aiki. Abin da ya fi yi mata ciwo, ƙanwarta da aminiyarta ta sa suka shiga, kuma har ranar ba ta iya haɗa ido da su sosai.

Game da matar mota, ba na cewa ƙarya ce. Akwai masu samu, 'yan kaɗan ne a can sama. Sai dai ki sani a kamfanoni da yawa motar tallafin biyan wata-wata ce, da sunan matar aka ɗauko ta, ranar da cinikin na ƙasanta ya ragu tallafin ya tsaya, bashin ya rage a wuyanta. Ko da kyauta ce tsantsa, ki tambayi kanki mata nawa ne suka cika maki da kuɗinsu kafin a sayi tayoyinta.

Batun halasci na malamai ne, ni ba malama ba ce. Abin da zan iya gaya miki shi ne, kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya yi fatawa a shekarar 1425 bayan hijira yana haramta irin wannan tsari, saboda abin da ake nema a zahiri kamashon ne, kayan fakewa ce kawai, ga garari, wato ciniki cikin rashin tabbas, ga riba irin ta kuɗin ruwa, ga cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Wasu malaman sun halatta da sharuɗɗa: kayan su kasance na gaskiya, a kan farashinsu na gaskiya, kuma kada a tilasta saye kafin a biya lada. Idan za ki tambayi malami, ki kai masa takardar tsarin ladan gaba ɗaya. Idan kika ce masa kawai "saye da sayarwa ne", amsar saye da sayarwa zai ba ki.

Idan har zuciyarki ba ta kwanta ba, ga gwajin da ba zai ci miki ko kwabo ba. Ki roƙi Yaya ta ba ki kwalba uku daga kayanta, ki sayar mata a kan farashin kamfani, ga mutanen da ba danginki ba ne, ba tare da kin ce wa kowa uffan a kan shiga ba. Ki ga ko za su saya, ki ga ko za su dawo wata mai zuwa da kansu. Ki kuma nemi kamfanin ya ba ki a rubuce abin da yawancin wakilai ke samu a shekara, da sharaɗin mayar da kayan da ba su shiga ba. Idan aka amsa miki da cewa tunaninki na talauci ne, ko aka ce sai yau ɗin nan garaɓasar za ta ƙare, ki ɗauki jakarki.

Saura Yaya. Kada ki ɗauke ta macuciya. Mai yiwuwa ita ma an gaya mata sai ta cika mutum biyar kafin ta ga abin da ta zuba, shi ya sa take matsa miki, kuma mai yiwuwa da zuciya ɗaya take ganin alheri take jawo ki. Ki fara yi wa maigidanki bayani, don kada maganar ta iso masa a karkace. Sannan ki je har gidanta, ban da waya, ki gaishe ta yadda kika saba, ki ce: "Yaya, na gode da kika tuna da ni. Kuɗin nan na riga na yi niyyar keke da su, shi zan saya. In kin tashi ɗinki ki kawo mini, na farko kyauta ne." Kada ki shiga muhawara, kada ki ce za ki yi tunani, don wannan kalmar ita ke sa a dawo gobe. Idan wata rana ta zo tana kukan kaya sun yi mata kwantai, ki zauna da ita ku rubuta shafin fita, sannan ku duba ko kamfanin yana karɓar kayan da ba a buɗe ba kafin wa'adin mayarwa ya wuce.