Wifi a gidan haya na ɗalibai: ku ja waya tsakanin akwatunan

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka ce in kun iso ku huɗu za ku kama gida mai bene, kuna son sayen mesh (wato akwatunan wifi da ke haɗuwa su yi aiki tare) mai akwati uku don wifi ya kai ko'ina, wai ya isa haka? Zai kai, amma kaiwa daban gudu daban. Akwatunan nan sai sun yi magana da babbansu kafin su ba wayarka intanet, to in ta iska suke yi, a masu arha rediyon da ke sauraron wayarka shi ne dai ke kai saƙon, sai gudun ya faɗi kusan rabi a kowane tsalle, ga bangon bulo da ke cinye siginar 5GHz. Za ka ga sanduna cike fal amma lakca a Zoom tana ta tsinkewa.

Don haka ku haɗa su da kebul. Cat5e ma ya wadatar, yana ɗaukar gigabit 1 har mita 100, kar wani ya ruɗe ka da Cat8. Amma ka nemi na jan ƙarfe zalla, banda mai rubutun CCA, wato alminiyam da aka lulluɓe da jan ƙarfe.

Ka fara saita su duka da manhaja a ɗaki ɗaya, sannan ka kai kowanne wurinsa ka soka kebul, mesh irin su Deco da Eero da kansu suke ganewa. Inda mutane ke kwafsawa shi ne suwic, wato na'urar da ke raba kebul ɗaya zuwa ramuka da yawa. Daga modem (na'urar da ke shigo da intanet gida) sai babban akwati, daga ramin LAN ɗinsa sai suwic, daga nan sauran. In ka sa suwic ɗin kafin babban akwati to ka ɓata tsarin. Suwic ɗin ya zama gigabit, akwai masu tsayawa a megabit 100. Rautar kamfanin intanet kuma a kashe wifinta a sa ta a yanayin gada (bridge, wato ta miƙa intanet kawai ga babban akwati), ko a maida mesh ɗin yanayin AP (wato ya ba da wifi kawai, rautar ta riƙe tsarin).

Kafin ka biya kuɗi duba bayan ƙananan akwatunan, na Nest Wifi na 2019 ba su da ramin kebul sam.

Huda bango kuwa kar ka kuskura sai mai gida ya yarda a rubuce, in ba haka ba kuɗin ajiyarku zai taɓu. Akwai kebul mai faɗi da ke bin gindin bango ya shige ƙarƙashin ƙofa. In gidan na da tsohuwar wayar talabijin a bango, adaftar MoCA, mai tura intanet ta cikin wayar, tana aiki sosai. Adaftar da ke bi ta soket ɗin lantarki kam sa'a ce, wani gidan ta yi wani ta ƙi.