Fayil ya ce "rauni", wace lamba za ka sa?

Jiya ka tare ni da fayil a hannu kana tambaya: likita ya rubuta mara lafiya na fama da rauni, wato rashin ƙarfi, R53.1 za ka sa ko M62.81? Na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya, ɗana, don nan ne sababbin hannu suka fi yin tuntuɓe.

Fara duba wane littafi ke gabanka. Lambobin nan biyu na ICD-10-CM ne, littafin lambobin cututtuka wanda Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba 2015. A ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, 1 ɗin da ke wutsiyar M62.8 kafaɗa take nufi. Ka ga sai ka ba mutum ciwon kafaɗa alhali kafaɗarsa lafiya lau.

To, a na Amurkan, R53.1 ta wanda jikinsa ya mutu ce, kasala ta rufe shi, ba a ce tsoka ba. M62.81 sai likita ya rubuta raunin tsoka ƙarara, galibi bayan ya sa mutum ya matse masa yatsu ko ya ture hannunsa da ƙafa, ya auna ƙarfin daga 0 zuwa 5. Kada ka haɗa su biyun a fayil ɗaya, littafin ya hana.

Amma abin da na fi so ya zauna maka shi ne, rauni alama ce. Idan an gano abin da ya kawo shi, cutar ake ba lamba. Sinadarin potasiyam ya yi ƙasa a jini, E87.6. Cutar Guillain-Barré ce, G61.0. Tsoho ne da likita ya ce tsokarsa ta zaizaye da shekaru, M62.84. Wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki saboda toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, gefe guda ya saki, wurinsa I69.35, kuma sai ka nemo dama ce ko hagu, da wane hannu ya fi amfani da shi.

Ina sabo na taɓa ganin sakamakon gwajin jini a bayan fayil, na yanke wa kaina cutar na sa lamba. Aka dawo da shi, kuɗin jinyar baiwar Allah ya maƙale makonni. Har yau abin na damuna. Mu ba ma gano cuta, abin da likita ya rubuta ya sa hannu shi muke bi.

Fayil ɗin nan naka kalma ɗaya ce kawai a ciki, don haka ka rubuta wa likitan takardar tambaya yau: raunin na tsoka ne ko na jiki duka, wane gefe, kuma an gano sanadi? Kawo mini in duba kafin ka tura.