Fitilar da ke ranƙwafowa kamar reshe

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hoton wata doguwar fitila da ake ajiyewa a ƙasa, jikinta na tagulla a lanƙwashe kamar karan tsiro. An ce ƙirar Italiya ce ta tsakiyar ƙarni na 20. Mene ne asalin wannan salo, kuma yaya zan bambance ta gaske da jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don na daɗe ina ƙaunar fitilun nan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙananan masana'antu a Milan da kewayenta suka shiga ƙera fitilu da hannu. Gino Sarfatti ya kafa Arteluce tun 1939, Bruno Gatta ya kafa Stilnovo a 1946, Angelo Lelii kuma yana Monza da Arredoluce. Tsohuwar fitila sanda ce miƙaƙƙiya da hula a kai. Su kuwa suka sa fitila ta bi mutum inda yake zaune, kamar yadda tsiro ke bin rana. Shi ya sa za ki ga siririn ƙarfe ya taso daga gindi mai nauyi, ya karkata, kan nasa ya sunkuyo kamar fure. Wasu suna ɗauka duk fitilar da aka manna wa ganyen tagulla ta shiga sahu. A ganina lanƙwasar da ke da aiki ita ce salon.

Wadda ta fi kwanta min a rai ita ce Arco, ta 'yan'uwan nan biyu, Achille da Pier Giacomo Castiglioni, da kamfanin Flos ya fitar a 1962. Matsalar da suka so warwarewa ɗaya ce: a haska tebur daga sama ba tare da an huda silin ba. Gindinta farin dutsen marmara ne na garin Carrara da ke Italiya, kusan kilo 65, daga nan ƙarfe ya yi baka har wajen mita biyu. Ranar da na fara tsayawa kusa da ita, ramin da ke tsakiyar dutsen na ƙura wa ido. Ashe an yi shi ne don a zura sandar shara, mutum biyu su kama su ɗaga. An daddatse kusurwoyin dutsen don kada su ji wa ƙafa ciwo, an kuma huhhuda hular don zafin ƙwan ya fita. Akwai kuma Fantasma ta Tobia Scarpa, wadda aka fesa wa wata roba mai kama da yanar gizo-gizo a kan ƙwarangwal ɗin waya, haskenta a tausashe.

Batun jabu kuwa, ki nemi hoton ƙarƙashin gindi da cikin hula, nan Stilnovo da Arredoluce suka saba sa tambarinsu. Amma tambari na ɓantarewa, ana kuma buga na ƙarya, don haka ki dubi gaɓoɓin: na asali suna juyawa sumul, su tsaya inda aka bar su. Tsohuwar tagulla tana dushewa, ta fi sheƙi inda hannu ke yawan taɓawa. Har yau Flos na ƙera Arco, saboda haka sabuwa ma tana iya zama ta gaske.

In kin samu tsohuwa, kada ki jona ta sai mai gyaran wuta ya duba wayar. Robar wayar da ta shekara 60 takan bushe ta tsattsage, jikin fitilar kuma ƙarfe ne.