Kakar Ingila ba irin tamu ba ce, ƙanena

Wa alaikumus salam ƙanena. Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu, za ka sauka a watan Satumba, kuma kada in damu da kuɗin hayarka domin za ka riƙa bina yankan ciyawa a gidajen Turawa, tunda a noman rani ka taso a Kura. Allah ya sanya albarka a karatun. Amma maganar lambun nan sai na tare ka a kanta tun kana gida, don kai ne na huɗu da ya kawo mini ita bana, kuma dukkanku hoton motar aikina kuka gani kuka buga lissafi.

Bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi sana'ar kanka ba. Ka ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwa, ka share mata ganye, ta miƙo maka fam 30 a hannu, to ka taka doka, kuma za a iya soke bizar a kan haka. Abin da aka yarda shi ne wani ya ɗauke ka aiki da takarda, awa 20 a mako lokacin karatu. A 2025 mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 fam 12.21 ne a awa. Buga da kanka: a albashin 2025 ɗin bai kai fam 250 a mako ba, alhali hukuma da kanta tana neman ka nuna sama da fam 1,000 na kowane wata kafin ta ba ka bizar. Ni kuma idan na saka ka aiki ba bisa ƙa'ida ba, tarar karon farko tana iya kaiwa fam 45,000. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina sana'ar nan, ba zan jefa ta rijiya ba, ko don kai.

Wanda zai ce maka "zo mu yi ta bayan fage" shi ne zai cuce ka. Farkon zuwana wani mai kwangilar lambu ya sa ni kwasar jiƙaƙƙen ganye mako uku cur, babu takarda tsakaninmu. Da na nemi haƙƙina sai ya daina ɗaukar waya. Har yau idan na bi ta unguwar nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

Sai maganar lokacin da za ka sauka. A gida kaka lokacin wadata ce: gero ya shiga rumbu, ana ɗaura aure, ana dambe, aljihun manomi da nauyi. A nan kaka ita ce jajiberin rufe kasuwa. Daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba aiki yana yi mana yawa har abinci a tsaye nake ci, daga nan kuma sai ɗif. Da sanyi ya sauka ƙasa da digiri biyar ko shida ciyawa ta daina tsiro, babu mai kiranka yanka sai wajen Maris. Abin da na tara a kaka shi nake ci a hunturu.

Shi kansa aikin ba noman da ka sani ba ne. Kai ka saba ciyawa abokiyar gaba ce, a nan ita ce amfanin gonar. A Satumba ko farkon Oktoba ake karce filin ciyawa da manjagarar ƙarfe a fitar da gansakuka da matacciyar ciyawar da ta yi kirtim a ƙasa, sannan a bi da shebur mai yatsu ana huda ƙasa don iska da ruwa su shiga, a watsa sabon iri inda ya yi sanƙo. Ana ɗaga wuƙar inji sama, ba a aske ta ƙwal kamar lokacin zafi. Taki ma daban: idan ka zuba mai ƙarfin sa ganye irin yuriya da muke yi wa masara, ciyawar za ta yi tsiro mai laushi, sanyi da cuta su cinye ta. Albasar furen dafodil, wato irinsa mai kama da albasa, a Satumba da Oktoba ake binne ta, ta tulif sai Nuwamba, zurfin ramin ya kai ninki biyu zuwa uku na tsayinta, kan mai tsini yana kallon sama. Ka yi sakaci kurege ya tone rabi kafin gari ya waye.

Ganye kuwa, kada ka kuskura ka kyasta masa ashana kamar yadda muke yi wa karan dawa. Maƙwabta za su kai ƙara ƙaramar hukuma saboda hayaƙi. Tara shi ake yi a buhu ya ruɓe shekara ɗaya ko biyu ya zama taki, ko a zuba a kwandon sharar lambu. Ni da nake ɗaukar shara a mota sai da na yi rajista da hukumar muhalli. Ko daren 5 ga Nuwamba da suke hura wuta ta al'ada, sai an ɗaga tarin itacen an duba ko bushiya ta shige ciki neman wurin kwanan hunturu. Bushiyar da muke kora da sanda muna yara, a nan gida ake gina mata.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na shuke-shuken cikin ɗaki. Wata dattijuwa ta yarda da ni har ta bar mini mabuɗin gidanta a wani Nuwamba, ta tafi wajen 'yarta mako uku. Hannun da ya saba da ban ruwa a zafin Kano bai san haƙuri ba: duk bayan kwana biyu nake cika tukwanen. Ban sani ba a wannan lokaci haske ya ragu, shuka ta rage sha, sai ka tsoma yatsa ka ji ƙasa ta bushe kafin ka ƙara, kuma ka janye tukunya daga jikin hita. Saiwoyin suka ruɓe. A ciki har da wadda marigayi mijinta ya bar mata. Ba ta ɗaga mini murya ba, ta karɓi mabuɗinta, ba ta sake kirana ba. Bayan wannan ne na shiga ajin dare na yi takardar shaidar ƙungiyar masu lambu ta RHS, mataki na biyu, kuma ita ce ta buɗe mini ƙofofin da nake shiga yanzu.

Ga duhu. A Lahadin ƙarshe na Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Zuwa Disamba a nan birnin Lids rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, sau da yawa a bayan mota nake yinsu da jiƙaƙƙun safa. Kai kuma awannin hasken nan kana aji.

Don haka ka zauna da Baba ku kammala kuɗin makaranta da na haya daga gida, kada ku saka lambuna a lissafi. Idan ka iso zan ɗauke ka ranar Asabar da takarda, awa shida zuwa takwas, har ƙarshen Nuwamba, na cefane ne kawai. Takalmin ruwa da safar hannu ina da su, kada ka saya a can. Ka taho mini da kuka da daddawa busasshiya, ka gaida Hajiya da kyau.